Yadda Ake Koyon Waƙoƙin Gargajiyar Ailan da Sukotlan da Karinsu

A Connemara da ke yammacin Ailan, idan ana son mutum ya yi waƙa a zaman hira, ce masa ake yi "abair amhrán", wato "faɗi waƙa". A wurinsu waƙa zance ce da aka ɗora bisa kari, kalmomi ne ke jan ragama, murya na biye da su. Kiɗansu kuma, na goge da sarewa, akasarinsa don ƙafar mai rawa aka yi shi. Dukansu biyu daga baki zuwa kunne suka sauko, shi ya sa wanda ya fara da takarda yakan haddace kowane amo daidai amma abin ya fito ba gishiri. Tsarin da ke ƙasa ya sa kunne a gaba, baki na biye, sannan yatsu, takarda a can ƙarshe.

Kalmomi huɗu za su riƙa dawowa. Amo shi ne sauti guda, wanda ake wa laƙabi da haruffa A zuwa G. Tsani shi ne jerin amon da waƙa ke hawa da sauka a kai. Masauki shi ne amon da kari ke komawa ya huta. Ɗaki kuma shi ne ɗan yankin da ake raba kari da shi wajen ƙidayar bugu.

Ka san abin da ke gabanka

Harsuna huɗu ake waƙar da su: Gelik na Ailan, Gelik na Sukotlan, Scots, da Turanci. Gelik ɗin biyu 'yan uwan juna ne, ba su da kusanci da Turanci. Scots kuwa ɗan uwan Turanci ne na jini, ana jin sa a kudanci da gabashin Sukotlan, shi ne harshen yawancin waƙoƙin Robert Burns, wanda ya rayu daga 1759 zuwa 1796.

Ga mai jin Turanci, ƙofa mafi sauƙi ita ce waƙar labari, wadda suke kira ballad: baiti mai ɗango huɗu, labarin soyayya ko yaƙi ko nutsewar jirgi ko ƙaura zuwa Amurka. A Aberdeenshire ta Sukotlan akwai na 'yan ƙodagon gona, masu suna bothy ballads, cike da ƙorafi kan mai gona da ƙarancin abinci. Tsohon salon Gelik na Ailan shi ne sean-nós, mutum ɗaya, ba kiɗa, ba bugun da za ka tafa. A tsibiran Hebrides na yammacin Sukotlan kuma akwai waƙoƙin bugun saƙa da waƙar baki ta rawa. Kada ka fara da sean-nós komai yadda ya ratsa ka. Fara da waƙar labari mai baiti huɗu zuwa shida, ko mai amshi.

Wurin wa za ka ɗauka

Wannan matakin ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Waƙa ɗaya tana da siga goma ko ɗari, kowane ƙauye da tasa. Francis James Child ya tara waƙoƙin labari 305 na Ingila da Sukotlan, aka buga tsakanin 1882 da 1898, kowace da lambarta. Daga baya Steve Roud ya yi babban jadawalin da ya ba kowace waƙar gargajiya ta Turanci lamba, komai yawan sunayenta. Amfanin lambar shi ne, idan ka rubuta ta wajen bincike za ka samu sigogin da sunayensu ba su ma yi kama da juna ba. Barbara Allen, alal misali, ita ce Child 84, Roud 54.

Wurare biyu ne suka fi dacewa da neman muryoyin asali, kuma kyauta ne a intanet. Tobar an Dualchais na ɗauke da dubban sautuka da aka naɗa a gidajen mutane a Sukotlan, da yawa daga ciki aikin School of Scottish Studies ne, sashen Jami'ar Edinbara da aka buɗe a 1951. Irish Traditional Music Archive kuma yana Dublin tun 1987. A irin waɗannan wurare za ka ji Jeannie Robertson ta Aberdeen, wadda mai tattara waƙoƙi Hamish Henderson ya fara naɗar muryarta a 1953, da Flora MacNeil ta tsibirin Barra, da Joe Heaney na Carna a Connemara.

Saurari siga huɗu ko biyar, ka zaɓi ɗaya tak, ka rufe sauran har sai ka gama. Wanda ya ɗauko kalmomi daga wannan shafi, kari daga wancan bidiyo, zai tarar gaɓoɓi ba sa zama a kan amo, domin kowace siga ta daidaita kalmominta da nata karin. Kuma ka fifita mawaƙin da ba kiɗa a bayansa. Jita da ganga suna tilasta wa waƙa bugu madaidaici, suna ɓoye inda mawaƙi ke jan numfashi da inda yake jinkirtawa.

Sai sauraro zalla. Kwana biyar zuwa bakwai, sau uku ko huɗu a rana, ba tare da ka buɗe baki ba. Alamar ka shirya ita ce ka tsinci kanka kana gunjin karin a hanci kana wani aiki, kuma ka san ɗangon da zai zo kafin ya zo.

Kalmomi

Rubuta kalmomin da hannunka daga abin da kunnenka ya ji, ka bar gurbi inda ka kasa, daga baya ka cike da rubutacciyar siga. In rubutun ya saɓa da bakin mawaƙin, bi mawaƙin. Sannan ka fassara kowane ɗango zuwa Hausa, ka iya ba da labarin cikin jimla biyar. Mawaƙan Gelik suna da al'adar faɗin asalin waƙa kafin su fara, wane ne ya yi ta, me ya faru. Wannan fassarar kuma ita ce za ta nuna maka ko waƙa ce da za ka iya tsayawa a kanta. Da yawa na shan giya ne, wasu na batsa a lulluɓe, wasu kuma na siyasar ɓangaranci da har yau ke tayar da jijiyar wuya a Ailan ta Arewa da Glasgow.

Akwai bambanci babba tsakanin waƙar Hausa da waɗannan. A Hausa hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma, kari yakan girmama shi. A Turanci da Scots da Gelik nauyi ne ke mulki, wato gaɓar da ake dannawa. Ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi. A yawancin waƙoƙin labari za ka ga huɗu a ɗango na farko, uku a na biyu, huɗu a na uku, uku a na huɗu. Gaɓoɓin da ke tsakani ba su da adadi tsayayye: wani ɗangon guda ɗaya ce tsakanin nauyi da nauyi, wani uku ne a cunkushe. Masu nauyin ne ke faɗawa kan manyan amo na kari, sauran su raba ɗan lokacin da ya rage. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba kowace gaɓa tsawo ɗaya, sai waƙar ta koma kamar ƙidaya. Maganinsa, karanta baitin da ƙarfi kamar kana ba wani labari, sau goma, kafin ka ɗora masa kari.

Wajen furuci, mai jin Hausa yana da riba da asara. Ribar ita ce dogon wasali da gajere, wanda Gelik ma ke bambantawa: alamar da ke kan á ko ó a Ailan, da à ko ò a Sukotlan, tana nufin a ja wasalin. Wanda ya yi karatun allo kuma yana da sauti biyu a aljihu. "Ch" na loch da nicht kusan harafin kha ne na Larabci, "gh" da "dh" a farkon kalma gaban a, o, u kuma suna kusa da gain. "R" ta Scots ana kaɗa ta, kamar ta "tara" ta ƙidaya. Asarar ita ce p da f. A Gelik sauya p zuwa ph, wanda ake furtawa f, nahawu ne, don haka dole a raba su. Haka b ke komawa bh: "bean", mace, ana faɗinsa "ban", amma "an bhean" ya zama "an van". S kusa da e ko i tana zama sh, shi ya sa Seán yake "Shaan".

Akwai kuma wasalin da ba a rubutawa amma ana rerawa. "Gorm", shuɗi, gaɓa biyu ce a baki, "gorom". Alba, sunan Sukotlan da Gelik, uku ce. In ka ƙidaya gaɓoɓi daga takarda za ka ga amo ya yi maka rara, dalilin ke nan. A Turanci kuwa akasin haka ake so: harshen Bahaushe yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙe, "strand" ta zama gaɓa uku, ta ture duk ɗangon daga mazauninsa. Ƙamus ɗin teanglann.ie yana furta kalma da karin harshen lardunan Ailan na Munster da Connacht da Ulster, sai ka bi na yankin mawaƙinka. LearnGaelic na yin haka ga Gelik na Sukotlan. Kalmomin Scots irin su hame, bairn da ken kada ka mayar da su Turanci, amsa-amon zai rushe.

Kari

Nemo masauki tukuna. Kusan kullum shi ne amon ƙarshe na baiti. Riƙe shi a hanci, ka kunna waƙar, ka ji yadda kowane ɗango ke nisa da shi yana dawowa. Sannan ka sa wa ɗangogin haruffa bisa karinsu. Waƙoƙin Ailan da yawa ABBA ne: na farko da na huɗu kari ɗaya a ƙasa, na biyu da na uku kari ɗaya a sama. Da ka gane haka, aikin ya ragu da rabi.

Koyi ɗango ɗaya a lokaci guda. Kunna, tsayar, maimaita, sau biyar, sannan ka naɗi muryarka a waya ka jera ta da ta mawaƙin. Kunne ba ya jin kuskuren baki yayin da bakin ke aiki, sai a naɗi. In wuri ya yi sauri, rage gudun zuwa kashi 75 cikin 100. YouTube na yi, Audacity ma na yi ba tare da sauya tsayin murya ba. Ƙasa da kashi 50 sautin yakan dagule har ya daina amfani.

Tsanin waɗannan waƙoƙi shi ne inda aka fi zamewa. Ɗauki amo bakwai: D, E, F mai kaifi, G, A, B, C mai kaifi (mai kaifi shi ne amon da aka ɗaga da rabin taki, cikakken taki kuma shi ne tazara irin ta D zuwa E). In masauki D ne, ka samu tsanin da aka saba ji a waƙoƙin makaranta. In ka bar amon yadda suke ka mai da masauki E, launin ya sauya zuwa wani abu mai sanyi da ɗan duhu, sunansa Dorian. Masauki A ya ba da Mixolydian, B kuma Aeolian. A ukun nan amon da ke ƙarƙashin masauki yana nesa da shi da cikakken taki, ba rabi ba. Wanda kunnensa ya saba da piyano da waƙoƙin zamani yakan ɗaga wannan amon ba da saninsa ba, ya mai da G zuwa G mai kaifi a waƙar da masaukinta A ne, nan take ƙamshin waƙar ya gudu. Duba wannan wurin musamman a naɗinka. Waƙoƙin Sukotlan da yawa kuma amo biyar ko shida kawai suke amfani da su, kamar sanannen karin Auld Lang Syne mai biyar. Kada ka cike guraben da suka tsallake. Tsofaffin mawaƙa wani lokaci suna rera amon da ya faɗa tsakanin C da C mai kaifi. Manhajar auna sauti za ta ce kuskure ne, amma in mawaƙin ya maimaita shi a kowane baiti, da gangan ne, ka bi shi.

Kafin ka haddace, zaɓi tsayin da ya dace da maƙogwaronka. Wasu waƙoƙin suna da faɗin hawa ɗaya da rabi (hawa shi ne tazara daga amo zuwa takwaransa na sama, kamar D zuwa D), kuma sukan fara a ƙasa, ƙololuwar na ɗango na biyu ko na uku. Fara gwada ɗangon da ya fi tsayi, ka sa shi inda ba ka ƙoƙari, daga nan ka gangaro ka gano amon farawa. Auna shi da manhaja, ka rubuta harafinsa a saman takardar kalmomin.

Numfashi, ado da hadda

Sa alama a takarda duk inda mawaƙin ya shaƙi iska. Za ka lura ba kullum a ƙarshen ɗango ba ne. Mawaƙan sean-nós sukan haɗa ƙarshen ɗango da farkon na gaba a numfashi ɗaya, su yanke bayan kalmar haɗi, don zaren labari kada ya tsinke. Wasu sukan riƙe sautin m ko n a hanci tsakanin kalmomi don kada shiru ya shiga.

Salon ba ya son ƙara murya da rage ta don nuna tausayi, ba ya son karkarwar murya irin ta mawaƙan dandamali. Ana nuna zafin magana ta hanyar ado da jinkiri. Adon nan ɗan kewaye ne: a kan gaɓa ɗaya murya ta taɓa amon sama, ta dawo, ta taɓa na ƙasa, ta dawo, cikin ƙiftawar ido. A cikin yankunan Ailan, Connemara ta fi kowa yawan ado, Donegal ta fi sauƙi da tsayayyen bugu, Munster na son faɗin murya. Rera waƙar tsirara mako biyu kafin ka sa ado ko ɗaya. Bayan nan ka sa ɗaya a ɗango, a kan dogon wasali, kuma kada ka sa shi wuri ɗaya a kowane baiti, domin gwanintar salon ita ce baiti biyu ba sa fitowa iri ɗaya.

Hadda ba a tsakiyar baiti take karyewa ba, a mahaɗa take karyewa. Yi atisayen ɗangon ƙarshe na baiti haɗe da na farkon mai bi masa, su kaɗai. Rubuta kalmomi biyun farko na kowane baiti a ɗan kati. Baiti ɗaya a rana ya isa, minti 15 zuwa 20, kullum kana farawa daga na jiya.

Waƙoƙin bugun saƙa da waƙar baki

Wanda ya taɓa jin mata na waƙar daka ba zai yi baƙunta a nan ba. A Hebrides, idan an sauke ulun da aka saƙa, mata kan zauna kewaye da dogon katako, su jiƙa ƙyallen, su riƙa buga shi suna miƙa wa ta kusa ta hannun da rana ke bi, har ya kankance ya yi kauri. Ɗaya na bayarwa, sauran na amshi. Ana ɗaukar maimaita waƙa a zama ɗaya a matsayin rashin sa'a, abin da ya sa suka adana waƙoƙi masu yawa. Sunansu òrain luaidh. Amshin yawanci sautuka ne marasa ma'ana irin su "hò rò" da "hì rì", amma tsayayyu ne, kowace waƙa da nata, ba a ƙirƙira. Koyi amshin da farko, kana buga tafin hannu biyu a tebur ko kana jan tawul gaba da baya. Ba tare da wannan bugun ba waƙar takan yi sanyi ta mutu.

Puirt à beul kuwa karin rawa ne da ake yi da baki da kalmomi masu sauri. Ƙa'idarsa ɗaya: bugu ba ya jiran numfashi. Ana satar iska ne ta hanyar gajarta amo, don haka ka tsara wuraren tun kana a hankali. A Ailan ana yin irinsa da sautuka zalla, sunansa lilting, kuma shi ne gadar da za ta kai ka kiɗa.

Kiɗan rawa

Kowane nau'i da tafiyarsa, kuma kalmomin Hausa na iya riƙe maka ita. Jig yana da amo shida a ɗaki, uku-uku: "dankali, dankali", na farkon ya ɗan fi tsawo. Slip jig dankali uku ne a ɗaki. Reel takwas ne, huɗu-huɗu: "rugu-rugu, rugu-rugu", yana gudu sumul. Hornpipe ya fi shi jinkiri, dogo da gajere: "sannu-sannu". Strathspey, abin alfaharin Sukotlan, yana cakuɗa dogo-gajere da gajere-dogo: "sannu, gida, sannu, gida". A "gida" ɗin nan nauyin na kan gajeriyar gaɓar farko, a fizge. In ka sassauta ta, strathspey ya koma hornpipe. Polka da slide na yankin Sliabh Luachra ne, kan iyakar Kerry da Cork a kudancin Ailan.

Yawancin karin rawa kashi biyu ne, A da B, kowane ɗaki takwas, kowane ana maimaita shi: AABB, ɗaki 32. Kada adadin ya tsorata ka. Sau da yawa ɗaki na 5 da na 6 maimaicin na 1 da na 2 ne, kuma ɗakuna biyun ƙarshe na B su ne na A. Sabon abu bai fi ɗaki goma ko sha biyu ba. Koyi ɗaki biyu-biyu, da baki tukuna. Abin da ba ka iya rerawa ba, yatsunka ba za su same shi ba. The Kesh, jig ne a G, da John Ryan's Polka a D, suna cikin waɗanda kusan kowane zaman kiɗa ya sani, sun dace da farawa.

A nan ma ka zaɓi yanki. A Ailan, Clare na tafiya a natse, Sligo na da sauri da ado, salon da faifan mai goge Michael Coleman da aka naɗa a New York suka yaɗa. Donegal ta sha ruwan Sukotlan saboda 'yan ci-rani da ke tsallakawa aikin gona. In ka gwada bin wani faifai ka ji kayanka ba su dace da shi ba, ba lallai laifinka ba ne: wasu makaɗan na ɗaure kayansu rabin taki sama da D, a E mai laushi (wato E da aka sauke da rabin taki), wasu tsofaffin faifan kuma an juya su da sauri. Babbar algaitar jaka ta Sukotlan amo tara kawai gare ta, kuma abin da masu busa ta ke kira A ya haura B mai laushi a kunne.

Sarewar kwano

Mafi arha da sauƙin samu ita ce tin whistle, mai huji shida, tsawonta kusan santimita 30. Sayi ta D, ba ta C ba. Generation, Feadóg da Clarke duk sun isa. Hannun hagu a sama, yatsu uku-uku, ka toshe da naman yatsa a shimfiɗe, ba da tsini ba. Duka a toshe D ne. Ɗaga daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya: E, F mai kaifi, G, A, B, duka a buɗe C mai kaifi. C maras kaifi, buɗe na sama ka toshe na biyu da na uku. Hawa na biyu yatsu ɗaya ne, iska ce ke ƙaruwa.

In D na ƙasa na ƙara ko tsalle, ɗayan biyu ne: iska ta yi yawa, ko wani huji na yoyo, galibi na ƙarshe. Busa kamar kana kaɗa harshen kyandir ba ka son ya mutu. In sauti ya dushe bayan minti biyar, tururin baki ne ya taru a maƙogwaronta: toshe 'yar tagar da ke kusa da bakinta da yatsa ka busa da ƙarfi sau ɗaya. Sarewa mai sanyi tana sauka ƙasa da daidai, ɗumama ta a hannu. Wanda ya sayi ta katako ko goge ya kula da hunturu, bushewar iska na tsaga itace.

Kada ka sa harshe a kowane amo, abin zai fito a daddatse. Bar iska na gudana, yatsu su raba amon. Ado biyu ne tushe. Cut: kana kan G, ɗaga yatsa na uku na hannun sama ka mayar nan take. Tap: kana kan G, doki hujin farko da ke buɗe a ƙasa ka ɗage. Dukansu ba amo ba ne da za a ji tsayinsa, ƙyaftawa ce. Haɗa su ka samu roll: G, cut, G, tap, G, a tsawon "dankali" guda, cut a kan "ka", tap a kan "li". Masu koyo sukan cunkushe su a farko su bar jela, a raba su daidai. Numfashi kuma ba a cusa shi tsakanin amo, ana jefar da amo ɗaya maras nauyi a shaƙa a gurbinsa, kamar na tsakiyar dankali. Na farkon ɗaki ba a taɓa shi.

Sa manhajar ƙidayar bugu a 60, bugu biyu a ɗaki. In ka yi sau uku a jere ba tuntuɓe, ƙara 5. A zaman kiɗa jig kan kai wajen 110 zuwa 120, amma wata shida a 80 da tafiya mai kyau ya fi gudu da ɗingishi.

Takarda

Yanzu ne lokacinta, don tuni. Francis O'Neill, mutumin Cork da ya shugabanci 'yan sandan Chicago, ya buga kari 1,850 a 1903, da 1,001 a 1907, amma ko su ƙashi ne kawai, tsokar na wurin makaɗa. Hanya mafi sauƙi a yau ita ce rubutun ABC na Chris Walshaw, wanda ake yi da haruffan waya. T: suna ne, M: awon ɗaki, K: tsani. Manyan haruffa hawan ƙasa, ƙanana hawan sama, lamba bayan harafi na ninka tsawonsa, tsayayyen layi na raba ɗakuna, ~ na nufin roll. A M:6/8 da K:D, atisaye irin DFA dAF ɗaki ɗaya ne, kuma F ɗin mai kaifi ne ko da ba a nuna ba, K:D ta riga ta faɗa. Shafin The Session na da dubban kari a haka, manhajar Tunepal kuma na iya gano sunan kari in ka busa mata. Rubuta ɗakuna biyun farko na kowane karin da ka koya a littafi guda, su ne ke ɓacewa.

Shiga cikin mutane

Zaman kiɗa, wanda suke kira session, galibi a mashaya ake yinsa. Wanda hakan bai dace da shi ba yana da rassan Comhaltas Ceoltóirí Éireann, ƙungiyar da aka kafa a Mullingar a 1951, masu azuzuwa da zama a zaurukan taro har a Ingila da Amurka, da makarantar kiɗa ta Willie Clancy da ake yi kowane Yuli a Miltown Malbay ta Clare tun 1973, da bukukuwan fèis na Sukotlan da suka faro daga Barra a 1981. Na nesa kuma akwai zaman masu koyo a intanet, inda ake tafiya a hankali.

Kowa kari ɗaya yake bugawa tare, ba mai yin nasa daban. Ana jera kari biyu ko uku, kowane sau biyu ko uku, wanda ya fara shi ke da gudu, kuma in ya ɗaga kai ko ya ce "hup", za a sauya. Karin da ba ka sani ba, ajiye sarewa a cinya ka saurara, ka nemi izini kafin ka naɗa. Idan aka nemi shiru don mawaƙi, ba a raka shi da kiɗa sai ya nema, amshi kawai ake kama masa. In layi ya zo kanka, faɗi sunan waƙar da wanda ka ɗauko ta daga bakinsa, ka ji amon farawarka a hanci kafin ka buɗe baki, ka fara a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so. In baiti ya ɓace maka, riƙe karin a hanci, galibi wani a ɗakin zai jefo maka kalmar farko.